Gyaran Gida da Garkar Bayan Gida a Goshin Damuna

Jawabin da aka shirya domin taron Hakimai da Magatakardansu

Maganar da za a yi a wannan zama ta cikin gida ce, irin wadda ba a cika kawo ta gaban Hakimi ba sai bayan ta ɓaci: ɗakin da ke yoyo, da indararon da ya toshe, da itacen da ya jiƙe ya ƙi kamawa, da akuyar da ta haura danga ta cinye kuɓewar maƙwabci. In aka ɗauke su ɗai ɗai kowanne ƙarami ne, har mutum ya ji nauyin ambatonsa a taron manya. Amma duk wanda ya daɗe a kan sarauta ya san yoyon da aka ƙyale a watan Yuni shi ne bangon da kan faɗa wa mutane cikin dare a watan Agusta. Ya kuma san yawan zumuncin da ya lalace a kan ɗan ruwan da ya gangara daga wani gida zuwa wani.

Yawancin waɗannan fitinu tushensu ɗaya ne, watau ruwan sama da ba a yi wa hanya ba. Wanda ya kwanta a kan soro ya kan ruɓar da azara, wanda ya kwanta a gindin bango ya kan ci tushe, wanda ya kwanta a tsakar gida kuwa sauro ya ke haifa. Wannan ruwa, in an bi da shi bayan gida inda aka yi shuka, shi ne zai ba iyali miya har kaka. Abin da jawabin nan ya ƙunsa ke nan, yadda za a raba ruwa da gini, a haɗa shi da shuka.

LOKACIN AIKI

A ƙasar Zazzau da kudancin Bauci ruwa kan sauka tun cikin watan Afrilu ko farkon Mayu. A Kano da Katsina sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, a Sakkwato da arewacin Barno kuwa ya kan kai ƙarshen Yuni kafin ya zauna. Abin da kan zuba a Zariya cikin shekara ya kai wajen milimita 1,000, na Kano bai kai haka ba, na Sakkwato ya fi na Kano ƙaranci. Amma a dukkan wuraren nan watan Agusta shi ne mai ruwa mafi yawa. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wadda a ke kira NiMet, ta kan fid da hasashen damuna a farkon kowace shekara, ya kamata Magatakarda ya nemi abin da aka faɗa game da gundumarsa ya karanta wa Hakimi.

Tsakanin ruwan farko da zaman damuna a kan sami 'yan makonni, su ne lokacin wannan aiki. Ruwan farko ya riga ya nuna inda ke yoyo da inda ruwa ke kwanciya, akwai ruwan kwaɓa ƙasa, rana kuma tana da sauran ƙarfin da za ta busar da yaɓe. Da zarar noman farko ya kankama ba za a sami mai hawa soro ba, kowa ya tafi gona.

RUFIN ƊAKI

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sanin kaɗai ba ya hana tabarma jiƙewa, sai an hau an gyara.

Ɗakin soro ba abin da ya ke tsoro kamar ruwan da ya kwana a kansa. Sai a share ƙurar hunturu da ganye da kashin tsuntsaye, a cire ciyawar da ta fara tsirowa tun ba ta yi saiwa ba, a buɗe kowace tsaga a cika ta da ƙasa mai kyau da aka kwaɓa da ciyawa. Sa'an nan a zuba ruwa bokiti ɗaya a tsakiyar rufin a tsaya a duba. In ya bi ya fita ta indararo, aiki ya yi. In ya tsaya a wani wuri, to, wurin nan ya lotsa, sai a cike shi. Magina na dā sun bar dabaru biyu na hana ruwa ratsa ƙasa: makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin dabba da ruwan dafara. Inda har yanzu akwai masu sanin haɗa su, ya dace Sarkin Magina ya sa yara su koya. Da ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya yi fiye da shekara 100 yana tsaye saboda ana kula da shi. Badalar Kano kuwa, wadda ta fi kowane gida kauri, duk inda aka daina gyaranta ruwa ya zaizaye ta.

Indararo ya zama mai tsawo, yadda zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma jera duwatsu inda ruwan ke sauka don kada ya haƙa rami. A cikin ɗaki a ƙwanƙwasa azara da sanda. Wadda ta yi amon holoƙo, ko gari ya zubo daga jikinta, a tokare ta da gungume nan take kafin a sami ta canji.

Rufin kwano iska ce abokiyar gabansa. Hadarin farkon damuna daga gabas ya ke tasowa da iska mai ƙarfi, kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako kuwa shi ta ke fara ɗagawa. Sai a bi layin ƙusa a sake bugawa, a ɗaure katakon rufi da waya a jikin gini. Ɗora duwatsu da bulo a kan kwano ba gyara ba ne, in iska ta yi ƙarfi a kan mutane su ke faɗowa. Neman huda ba wuya: a rufe ƙofa da taga da tsakar rana, duk inda haske ya ratso a soka tsinke, wanda ke sama ya liƙe wurin da tsumma da kwalta. Ɗakin jinka da rumbu a ƙara musu sabon shuci, a sake ɗaurin ƙoƙuwa, domin daga can ruwa ke fara shiga, hatsin da ya rage a rumbu a wannan lokaci kuwa shi ne abincin watannin noma.

GINDIN BANGO DA HANYAR RUWA

Ginin ƙasa daga gindi ya ke mutuwa. Ruwan da ke fantsama daga indararo da wanda ke kwanciya a lungu su kan jiƙa tushe, ƙasa ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta. Maganin wannan shi ne a yi dakali a gindin bango, a cika shi da marmara a daɓe, a karkata shi yadda ruwa zai gudu. Shafa siminti a kan bangon ƙasa ya kan yi kyaun gani, amma in ya tsage ruwa kan shiga bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa ruɓewa ba wanda ya sani. Wanda ya yi haka ya riƙa bin tsagar yana liƙewa kowace shekara.

Tsakar gida a gyara ta ta karkata zuwa rariya, ko kuwa zuwa garka, wanda ya fi. Babban abin da ke toshe rariya da kwata a wannan zamani leda ce. Ba ta ruɓewa, iska ta kan tara ta duk rani, ruwan farko ya kwashe ta ya cusa a bakin kwalbati. Yasar kwatar unguwa aikin yini ɗaya ne in an yi gayya kafin ruwa ya zauna.

Akwai alamu huɗu da ya kamata kowane Mai Unguwa ya sani: tsagar da ta taso daga sama zuwa ƙasa tana ƙara buɗewa, da bangon da ya karkata, da lemar da ta hau bango ta kai gwiwa ba ta bushewa, da ƙyauren da ya fara cijewa alhali da ba ya yi. Ɗakin da ya nuna ɗaya daga cikinsu kada a bar kowa ya kwana a ciki ran da a ke ruwa. A watan Agusta na shekarar 1988, sa'ad da ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta fashe, gidaje masu yawa sun rushe a Kano da kewayenta. A ambaliyar shekarar 2022 fiye da mutum 600 suka rasu a Nijeriya, Jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Ba kowane ruwa ne dakali zai tare ba, amma gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ko a kan kududdufin da aka cike shi ke fara tafiya. Don haka in an kawo wa Hakimi takardar fili a irin wannan wuri, ƙin sa hannu shi ne taimakon da zai yi wa mai nema.

LISSAFIN RUWAN RUFI

Ga wani ɗan lissafi da Magatakarda zai iya yi wa jama'a a ƙasa da tsinke. Ruwan sama milimita 1 in ya zuba a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Ɗaki mai mita 5 tsawo da mita 4 faɗi, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 25, watau inci 1, rufinsa ya kan zubar da lita 500. Duro na lita 200 biyu da rabi ke nan daga ɗaki ɗaya a dare ɗaya. Wannan ruwa ko dai ya tafi gindin bango, ko ya tafi duro da garka. Maigida ne ke zaɓa masa.

Mai tarar ruwa ya bar na farko ya wuce, don shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye. Duro da randa a rufe su ruf, ruwan da za a sha kuwa a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa yadda ma'aikatan lafiya suka nuna.

RIJIYA, SALGA DA SAURO

Ruwan farko ya kan kwashe dukkan ƙazantar rani ya gangara da ita, in ya tarar da rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa sai ya zuba ciki. Ta haka amai da gudawa ke shiga gari. A shekarar 2021 waɗanda aka yi zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya sun haura 100,000, waɗanda suka rasu sun haura 3,000, Jihohin Bauci da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Rigakafin kuwa aikin magini ne na kwana biyu: a ɗaga bakin rijiya ya kai gwiwa ko fiye, a daɓe kewayenta, a yi mata murfi, a kafa sandar rataye guga don kada a riƙa jefar da shi a ƙasa. Sabuwar salga a haƙa ta nesa da rijiya kamar mita 30, a gangare, ba a tudu da rijiyar ba. Tsohuwar salga a duba azarar bakinta, don a wannan lokaci ne ta kan rufta da mutum.

Tun shekarar 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin sauro a ƙasar Indiya. Sauro a ruwa ya ke ƙwai, a lokacin zafi kuwa kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama sauro mai tashi. Ashe ruwan da bai kai mako guda a kwance ba ba ya fid da sauro. Mai kawo zazzaɓi ya fi son ɗan ruwa mai haske da rana ke bugu, irin na sawun shanu da ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Mai kawo shawara kuwa gwangwani da kasko da tsohuwar taya ya ke so. Sai a sa wa yaran gida aiki ɗaya kowace Juma'a da safe: su kewaya su kife duk abin da ya tara ruwa, su cike ramuka da ƙasa. Gidan sauron da ya yage a ɗinke shi tun yanzu. Har wa yau, tun shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata cikin damuna a ƙasashe irin waɗannan. In masu rabon maganin sun iso, kalmar Hakimi ita ke buɗe musu ƙofofin gidaje.

ƘANANAN FITINUN CIKIN GIDA

Uwargida ita ta fi kowa sanin wahalar goshin damuna, don ita ke hura jiƙaƙƙen itace da asuba hayaƙi na cika mata ido. Sai a jera duwatsu a ƙarƙashin rumfa a ɗora itace da kara a kai, kullum da dare a shigar da na girkin safe. Ashana da gishiri a sa su cikin kwalba mai murfi. In ruwa ya kori mai girki zuwa ɗaki, lalle a bar ƙofa da taga a buɗe: gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki ya kan fid da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci, haka kuma hayaƙin janareta.

Gara ta kan yi ƙarfi in ƙasa ta sami lema. Duk inda aka ga hanyarta a bango a kankare, buhunan hatsi da akwatuna a ɗora su a kan katako nesa da bango kaɗan. Daren da shinge ya tashi a fitar da fitila waje a ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinta, da safe kaji su sami kalaci.

Kunama da maciji ruwa kan kore su daga ramukansu su nemi busasshen wuri. A toshe ramukan ɓeraye, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kada a fita da dare ba fitila. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gwambe ya fi cika a lokacin shuka da na girbi. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.

GARKAR BAYAN GIDA

Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, aikin gona kuma ya fi nauyi. A nan ne garka ke nuna amfaninta, domin ganye ba ya jiran kaka. Ɗanyen ganye irin su alayyafo da zogale, da kabewa, suna ɗauke da abin da ke kare yara da mata masu ciki daga dundumi, suna kuma taimakon jini.

Fili mai taku 10 tsawo da taku 5 faɗi ya isa gida matsakaici. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla rabin yini, nesa da salga, a bar kamar taku 2 tsakaninsa da bango. A ja 'yar hanyar ruwa daga ƙarƙashin indararo zuwa cikinsa, a kuma bar mafita a ƙarshe don ranar da ruwa ya yi yawa. Inda ƙasa ke riƙe ruwa a ta da kunya a yi shuka a kanta. Inda ƙasa ta yi tauri ruwa kuma ya yi ƙaranci, akwai dabarar da manoman ƙasar Tawa ta Jamhuriyar Nijar su ke kira tassa, wadda ta yaɗu a wajen Illela tun ƙarshen shekarun 1980: a haƙa ƙananan ramuka masu faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, a shuka a ciki. Ramin ya kan tare ruwa da taki daidai inda saiwa ta ke.

Kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko, sau da yawa a kan yi kwanaki ba a sake wani ba, tsiro ya ƙone, iri ya tafi banza. A haƙa a gani. In lema ta kai zurfin taƙi ɗaya ko fiye, hadari kuma yana ta haɗuwa, to, a shuka.

Alayyafo irinsa ƙanana ne, a gauraya shi da yashi a watsa, bayan mako 3 ko 4 an fara tsinka. In ana watsa kaɗan kaɗan kowane mako 2 ba zai yanke ba. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana, a sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, tsakanin rami da rami kamu ɗaya. Ta kan fara 'ya'ya bayan kamar wata 2, a riƙa ɗiba kowane kwana 2 ko 3, domin in an bar 'ya'yan suka ƙosa uwar ta kan rage haihuwa. Yakuwa da rama da lalo a jera su a gefe. Kabewa a kai ta gindin danga ta bi, kada a bar ta ta hau soro ta riƙe masa lema. Barkono da attarugu a yafa su a tsohon kwano ko kwando, a dasa da yamma bayan mako 5 ko 6. Tumatir ba ya son ruwa mai yawa, mai sonsa da damuna ya ɗaga kunya sosai ya kafa masa sanda. Dankalin Hausa mai jan ciki a dasa yaɗonsa a kan kunya, a haƙa bayan wata 3 zuwa 4. Zogale kuwa reshe a ke yankowa mai tsawon kamu 2 a kafa a jikin danga, in ya kai tsayin mutum a sare kansa don ya yi rassa inda hannu zai kai. Mai neman ingantaccen iri ya tambayi Malamin Gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fara tun shekarar 1922 ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fid da iri masu saurin nuna na masara da wake da sauransu.

Abin da ya yi yawa a shanya shi a inuwa inda iska ke bi, don ganyen da aka shanya a rana ya kan rasa launinsa da wani sashe na amfaninsa.

TAKI DA ƘWARI

Sharar gida dukiya ce in an san inda za a zuba ta. A haƙa rami mai zurfin gwiwa a kusurwar garka, inda ruwa ba ya kwanciya. A shimfiɗa shara da ganye da ɓawon kayan miya, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka, a rufe da 'yar ƙasa, a riƙa maimaitawa har ya cika. A juya shi sau ɗaya a wata. Cikin wata 2 zuwa 3 ya zama baƙin taki marar wari. Leda da gilashi da tsohon batir kada su shiga. Shukar bana a ba ta takin tsohon juji wanda ya riga ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro ya ke yi.

Maganin ƙwari yana tsaye a ƙofar gida. Itacen dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, an kawo shi ƙasar Barno a shekarar 1928, yanzu ba garin da babu shi. A daka busassun 'ya'yansa, a zuba kamar giram 50 a kowace lita ta ruwa, a bari ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a yayyafa wa shuka da yamma sau ɗaya a mako. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Nijeriya a shekarar 2016, a ƙaramar garka ana iya tsince ta da hannu da sassafe, a kuma zuba toka da yashi a cikin zuciyar masarar. Wanda ya sayi maganin feshi na kanti kada ya fesa wa ganyen da za a ci cikin 'yan kwanaki, kada kuma a mai da kwalbarsa ta zuba ruwa ko mai.

AIKIN HAKIMI DA MAGATAKARDA

Ba mai yin garka in ya san akuya za ta cinye. Saboda haka shelar ɗaure dabbobi ita ce farkon aikin Hakimi, a yi ta da wuri, a faɗi ranar da za ta fara aiki, a maimaita ta a kasuwa da masallatan Juma'a, a kuma riƙe ta a kan kowa, har da dabbobin gidan sarauta. Ƙarar ɓarna da ƙarar ruwan indararo ba a yanke su daga zaure. A tura Dagaci ko Mai Unguwa da Sarkin Magina su gani da idonsu, a bi abin da aka gada, watau kowane maigida ya ɗauki nauyin ruwan rufinsa, ya sauke shi a gidansa ko a kwatar jama'a, kada ya jefa shi a bangon maƙwabci.

Magatakarda ya buɗe shafi a littafinsa, unguwa unguwa, ya rubuta gidajen da ke da bango mai haɗari, da rijiyoyin da ba su da baki, da kwatocin da suka toshe, da ranar da aka gyara kowanne. Ya rubuta ranar ruwan farko da ranar da aka yi shuka. In aka yi shekaru ana haka, gunduma za ta mallaki sanin damunarta wanda ba za ta samu a wani wuri ba. Ya ware sunayen tsofaffi da gwauraye mata da marayu waɗanda ba su da mai hawa musu soro, a kai wa Hakimi don a sa samari su yi musu gayya. Abin da ya fi ƙarfin unguwa, kamar kwalbatin da ya karye, a rubuta wa Ƙaramar Hukuma tun yanzu, a ajiye kwafin takardar.

Daga ƙarshe, talakawa da ido su ke koyo. In mai zuwa gaisuwa ya ga an yi wa gidan Hakimi sabon dakali, rijiyar ƙofar fada tana da murfi, ya hangi kuɓewa da zogale a bayan katanga, zai koma gida ya duba nasa ba tare da an aika masa ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ba da damuna mai albarka, ya kiyaye gidaje da mutanen cikinsu, ya sa a ga kaka lafiya. Amin.